Kafin ka sayi SSD: yadda za ka gane faifan da kwamfutarka ke karɓa, ka kuma sa shi da hannunka

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai, ma'aikata da masu shagon buga takardu a wajenmu na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka lodo su zuwa Computer Village da ke Ikeja, daga can suka watsu zuwa Banex a Abuja, Farm Centre a Kano da sauran kasuwanni. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, injuna ne masu ƙarko. Amma sai ka kunna ɗaya ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Mai ita ya ce furosesa ce ta tsufa, wani ya ce a ƙara RAM. Sau da yawa ba nan matsalar take ba, faifan ajiya ne ke jan ƙafa.

Canza shi ba aiki ne mai wuya ba. Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen saye: mutum ya ɗauko SSD mai tsada, ya zo gida ya tarar ba ya shiga, ko ya shiga daram amma kwamfuta ta yi kamar ba ta san da shi ba. Don haka rabin wannan jagora a kan gane abin da injinka ke karɓa ne, tun kuɗin na aljihunka.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

A kasuwa za ka ji ana cewa "SSD ne ko M.2?" ko "SATA ne ko SSD?" kamar kishiyoyin juna ne. Ba haka ba ne. Tambayoyi uku ne daban: wane irin faifai ne, wace siffa ce da shi, sannan ta wace hanya yake magana da madabod.

Iri biyu ne. HDD shi ne tsohon, mai faranti na ƙarfe ko gilashi a ciki, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani ɗan hannu yana kai da kawo a kansa yana karatu da rubutu, kamar allurar garmaho a kan faifai, sai dai wannan ba ya taɓa farantin, a iska yake shawagi dab da shi. IBM ce ta fara fito da shi a 1956, da faranti 50 masu faɗin inci 24, duka-duka yana ɗaukar haruffa miliyan biyar. Tun daga lokacin aka yi ta matse shi ana ƙara masa ciki, amma dabarar ba ta canza ba. Duk lokacin da kake son wani fayil, sai hannun ya tafi wurin, ya jira farantin ya juyo da shi. Wannan jiran ya kan kai milisakan goma ko fiye. Ba komai ba ne in sau ɗaya ne, to amma Windows na buɗe dubban ƙananan fayiloli kafin ta tashi.

SSD ba shi da abin da ke motsi. Ƙwayoyin ajiya ne na lantarki da ake kira NAND, da wani ɗan guntu mai kula da su. Ya kan kai ga abin da ake nema cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na milisakan. A nan bambancin yake, ba a manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba. Kuma in laftof ta suɓuce daga cinya tana kunne, HDD na iya kartar farantinsa ya tafi da komai, SSD kuwa da wuya ya ji a jikinsa.

Siffa kuma huɗu za ka fi cin karo da su: babban faifai na inci 3.5 na kwamfutar tebur, ƙarami na inci 2.5 na laftof, ɗan kati mai suna mSATA, da siririn kati mai suna M.2.

Hanyar magana ita ce SATA ko NVMe. SATA ta fito a 2003 da gudun MB 150 a sakan, aka ninka zuwa 300 a 2004, aka sake ninkawa zuwa 600 a 2009, nan ta tsaya. A aikace SSD na SATA ba ya wuce kusan MB 550 a sakan, komai sunan kamfaninsa, domin hanyar ce ta cika. HDD na laftof ma ba ya zuwa kusa, yawanci yana wajen MB 80 zuwa 130. NVMe kuwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 2011, an yi shi ne musamman don SSD, kuma yana bi ta layukan PCIe, hanyoyin bayanai masu sauri na madabod, kai tsaye. A kan layi huɗu na PCIe 3.0 ya kan kai wajen MB 3,500, a kan 4.0 wajen 7,000, a kan 5.0 ya doshi 14,000.

Ra'ayina a nan: tsallen da za ka ji a jikinka shi ne daga HDD zuwa kowane SSD na kirki. Daga SATA zuwa NVMe, in aikinka Word ne da Excel da burauza da kallon bidiyo, da ƙyar za ka lura. Mai tace bidiyon biki ko mai kwashe fayil na GB hamsin kullum, shi ne zai mori NVMe. Kada ka ji haushi don injinka SATA kaɗai yake karɓa.

Mataki na farko: duba abin da ke ciki ba tare da ka kwance noti ba

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka taɓa Disk 0. A sama za ka ga sunan faifan da lambarsa, a ƙasa kuma sababbin Windows na rubuta ko HDD ne ko SSD. In kana nan ka ga faifan ya maƙale a kashi 100 alhali furosesa na hutawa, ka kama ɓarawon.

Sai ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma ƙarama. Tana nuna hanyar da faifan ke bi, Serial ATA ko NVM Express, da gudun da yake kai. In ta rubuta SATA/300, ko dai faifan kansa ne iyakarsa ke nan, ko injinka na ƙarni na biyu na SATA ne, irin na zamanin Core 2 Duo. SSD zai yi aiki a kansa lafiya lau, gudun ne kawai zai tsaya ƙasa da 300, kuma ko hakan ya fi HDD nesa ba kusa ba. Tana kuma nuna lafiyar faifan. In ta yi rawaya ta ce Caution, bar duk abin da kake yi ka kwashe fayilolinka yau.

Wasu injunan a nan tafiyarsu ke ƙarewa. Ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da GB 32 ko 64 yawanci eMMC ne a ciki, an liƙe shi da dalma a jikin madabod, ba ya fita. Sababbin MacBook ma faifansu a liƙe yake. MacBook Air da Pro na 2013 zuwa 2015 ana cire nasu, amma bakin na Apple ne na kansu, M.2 ba ya shiga sai da mahaɗi na musamman. MacBook Pro na 2012 mai ramin CD kuwa faifan inci 2.5 na SATA yake ɗauka kamar kowa.

Mataki na biyu: nemi takardar injinka

Juya laftof ɗin ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta. Cikakkiya nake nufi. "EliteBook 840" bai isa ba, domin 840 G3 tana da gurbin inci 2.5 da na M.2 duka, 840 G5 kuwa M.2 kaɗai gare ta. HP da Dell da Lenovo duk suna sa littafin gyaran injunansu a shafukansu kyauta, da zanen kowane noti. A cikinsa nemi sashen ajiya, ka ga abin da aka lissafa. In ka ga kalmar PCIe ko NVMe a jerin, injin na karɓa. In SATA kaɗai aka ambata, kada ka yi gardama da littafin.

A dunƙule, injunan ofis masu furosesar Intel ƙarni na shida zuwa sama, wato daga wajen 2016, su ne suka fara karɓar NVMe sosai. Amma wannan ƙiyasi ne na hanya, ba hukunci ba.

Mataki na uku: buɗe ka gani da idonka

Kashe injin gaba ɗaya, ba barci ba. Zare caja, cire batir in mai fita ne. In na ciki ne, da zarar ka buɗe murfin ka fara zare wayarsa daga madabod, wasu ThinkPad ma suna da wurin kashe batirin ciki a BIOS, wato allon saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don ragowar wuta ta fita. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum na tara wutar da ke tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe guntu. Taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka sa hannu, kada kuma ka yi aikin a kan bargo ko kafet. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka taɓa komai.

Ga abin da za ka iya tararwa.

Faifan inci 2.5 na SATA: akwati ne kamar girman tafin hannu, da baki biyu a jere masu siffar L, ƙarami mai haƙora 7 na bayanai, babba mai haƙora 15 na wuta. HDD da SSD na wannan siffa bakinsu ɗaya, ramukan notinsu ɗaya, cire wannan ka sa wancan. Kauri kawai za ka lura da shi: tsofaffin HDD milimita 9.5 ne, SSD kusan duka milimita 7 ne. Siriri na shiga gurbin mai kauri, sai dai ya yi ɗan lilo, a tokare shi da 'yar roba.

In ka ga faffaɗar waya mai launin toka kamar ɗamara, da haƙora 40 a layi biyu, ko 44 a laftof, wannan IDE ne, wanda SATA ta gada. Iyakarsa MB 133 a sakan. Injin da ke da shi ya kai shekarun da bai cancanci a kashe masa kuɗi ba, sai dai a ceto fayilolin da ke ciki da mahaɗin USB.

mSATA ɗan kati ne gajere mai faɗi, kusan milimita 30 a 51, da ramin noti biyu a ƙarshensa. Ya yi tashe a wajen 2011 zuwa 2014. ThinkPad X230 da T430 suna da gurbinsa, Latitude E7440 ma haka. Yana kama da katin Wi-Fi na wancan zamani sosai, har gurbinsu iri ɗaya ne a ido, amma ba kowane gurbi aka ja wa layin SATA ba. Kuma mSATA ba M.2 ba ne, ba sa shiga gurbin juna.

Sai M.2, inda aka fi yin ɓarin kuɗi. Faɗinsa milimita 22, tsawonsa ya bambanta, kuma lambar da ke jikinsa ita ke faɗa: 2280 na nufin 22 a 80, shi ne ya fi yawa. Akwai 2230, 2242, 2260 da 22110. Dubi inda ramin notin yake a madabod, shi zai gaya maka tsawon da gurbin ke ɗauka. ThinkPad T440, alal misali, ɗan gurbin da ke cikinta 2242 ne kuma SATA, dogon kati ba shi da wurin kwanciya.

Yanzu dubi bakin katin, wurin haƙoran zinariya. Akwai giɓi. In giɓi ɗaya ne kuma haƙora biyar suka rage a gajeren ɓangaren, ana kiransa M, kuma kusan kullum NVMe ne. In haƙora shida suka rage, B ne. In giɓi biyu ne, B da M, yawanci SATA ne, ko da yake akwai 'yan NVMe masu layi biyu da ke zuwa a haka. Matsalar ita ce kati mai giɓi biyu na shiga kusan kowane gurbi, kuma gurbin M na iya zama mai jin NVMe kaɗai, ko mai jin duka biyun, har ma akwai injunan da gurbinsu M ne amma SATA kaɗai aka ja masa. Kama da wane ba ta wane. Shigar kati ba shaida ba ce cewa zai yi aiki, shi ya sa na ce ka fara da littafin. Wasu madabod na taimakawa, suna rubuta SATA ko PCIe ƙanana a gefen gurbin. Gajeren gurbin da katin Wi-Fi ke ciki, mai siraran wayoyi biyu baƙa da fara, giɓinsa A ko E ne, ba na ajiya ba ne sam.

Abu ɗaya da ke rikita mutane a injunan hannu: wani lokaci za ka ga ɗan katin M.2 na GB 16 ko 32 an rubuta Intel Optane, ga kuma HDD a gefe. Wannan ba faifai ne mai zaman kansa ba, mataimaki ne da aka ɗaura wa HDD ɗin. Sai ka raba aurensu a cikin manhajar Intel kafin ka cire ɗaya, in ba haka ba Windows ba za ta tashi ba.

A kwamfutar tebur abin ya fi sauƙi. Akwai bakunan SATA da yawa a madabod, kana buƙatar wayar bayanai ɗaya da bakin wuta ɗaya daga akwatin wuta. In babu gurbin M.2, akwai katin da ake sokawa a ramin PCIe a ɗora NVMe a kai, sai dai tsofaffin injuna za su gan shi a matsayin wurin ajiya amma su kasa tashi daga kansa.

Mataki na huɗu: saye

GB 256 shi ne mafi ƙarancin da zan ba mutum shawara a yau, 512 ya fi kwanciyar hankali. GB 128 na cika tun ba a je ko'ina ba, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa na raguwa. Kada ka yi faɗa da mai shago in ka ga 256 ya nuna 238, ko 512 ya nuna 476, ko TB 1 ya nuna 931. Kamfanoni na ƙirga da dubu-dubu, Windows na ƙirga da 1,024. Babu abin da aka sace.

A kan ƙwayoyin, TLC na ajiye bit uku a kowane ɗaki, QLC huɗu. QLC ya fi araha, amma in kana kwafe babban fayil, da zarar ɗan wurin saurinsa ya cika sai gudun ya faɗi warwas, wani lokaci har ƙasa da na HDD. In da hali ɗauki TLC. Tsoron da ake yi cewa SSD na ƙarewa da rubutu gaskiya ne a ka'ida, amma dubi lissafin: Samsung 870 EVO na GB 500 an ba shi garantin rubutun TB 300. Ko kana rubuta GB 40 kullum, sai ka haura shekara ashirin kafin ka kai nan. Injin zai riga shi mutuwa.

Abin tsoro na gaske jabu ne. Akwai faifan da aka yi wa dabara yake nuna TB 1 ko 2 alhali cikinsa bai wuce 'yan GB ba. Yana karɓar fayil ba musu, sai dai sabon na hawa kan tsohon yana shafe shi, ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe hotuna ka ga babu. An fi yin wannan da filas da ƙananan faifan waje. Araha ba ta ado: in farashin ya yi ƙasa da na kowa da nisa, akwai dalili. Manhajar H2testw na cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin abin da ya ɗauka. Tana cin sa'o'i, don haka ku yi magana da mai shago tun farko, ka ce "Alhaji, zan gwada a gida, in bai cika ba zan dawo da shi," a rubuta maka a rasit tare da lambar jikin faifan.

Faifan hannu da aka ciro daga injunan ofis, na Samsung ko SK hynix ko Micron ko Intel, sau da yawa ya fi sabon da ba a san kamfaninsa ba. Je da laftof ɗinka ko ka roƙi a jona maka shi a shago, ka buɗe CrystalDiskInfo. Dubi awannin da ya yi yana aiki, yawan abin da aka rubuta a kansa, da kason lafiyar da ya rage. In HDD ne, lambobi uku za ka duba: 05, C5 da C6. Su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa. In ba sifili ba ne, ajiye shi, komai arahar.

Kana iya cin karo da manyan faifai masu arha da aka ciro daga sabar kamfanoni, an rubuta SAS a jikinsu. Bakin ya yi kama da SATA, amma babu rata tsakanin ɓangaren wuta da na bayanai, kuma kwamfutar gida ba ta jin yarensa. Faifan SATA na aiki a injin SAS, na SAS ba ya aiki a injin SATA. Mai na'urar kyamarar tsaro a shago kuma HDD na inci 3.5 yake buƙata, irin waɗanda aka yi don rubutu dare da rana kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. A nan HDD bai da abokin takara, haka ma wajen tara finafinai da bidiyon aiki masu yawa.

Mataki na biyar: kwashe kayanka, ka zaɓi hanya

Kwafe duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani wuri dabam. Sannan duba ko BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne. Injunan ofis da sababbin laftof da yawa na zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. In yana kunne, adana mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, ko ka kashe shi kafin aikin. In ka ciro faifan ba ka da mabuɗin, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi.

Hanya biyu ce. Ko ka kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon, ko ka zuba sabuwar Windows. Kwafewa na buƙatar wayar USB zuwa SATA ko gidan M.2, da manhaja: Samsung Data Migration in sabon na Samsung ne, Acronis da Crucial ke bayarwa ga masu faifanta, ko Clonezilla ga wanda hannunsa ya faɗa, ko da yake ita tana wahalarwa in sabon ya fi tsohon ƙanƙanta. Sharaɗin dai abin da ke cikin tsohon ya zama zai shiga sabon. Kada ka fara sai batir na cike ko kana kan inbata, ɗauke wuta a tsakiyar aikin na nufin farawa daga farko.

Ni na fi son sabuwar zubawa, musamman a injin hannu da ba ka san abin da aka loda masa ba kafin ya zo gare ka. Filas na GB 8 ya isa, ka haɗa shi da Media Creation Tool na Microsoft ko Rufus. Injunan da suka zo da Windows 8 zuwa sama lasisinsu na cikin madabod, da ka hau intanet zai dawo da kansa. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman UEFI, sabon salon BIOS, da guntun tsaro na TPM 2.0.

Mataki na shida: sa shi

Na inci 2.5: kwance tsohon daga 'yar ragar ƙarfen da ke riƙe da shi, mayar da ragar jikin sabon a daidai yadda take, tura shi cikin bakin har ya zauna. In siririyar waya ce ke haɗa shi da madabod, lallaɓa ta, tana saurin yagewa kuma samun irinta wahala ne.

Na M.2: riƙe shi ta gefe, daidaita giɓin da na gurbin, soka shi a karkace kamar digiri 30, danna ƙarshen ƙasa a hankali, ɗaura ɗan notin. In ya ƙi shiga kada ka tilasta, kuma kada ka juya shi ta baya don giɓin ya dace, haka ake ƙona kati. Notin ƙarami ne ƙwarai, mai awon M2 (awon noti ne, ba katin M.2 ba) da tsawon milimita 3, kuma ba ya zuwa a kwalin SSD, a jikin injin yake. In babu, masu gyara na da shi.

In laftof ɗin na da ramin CD da ba ka amfani da shi, akwai gidan da ake sakawa a wurin ya ɗauki faifai na biyu. Kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, auna naka. SSD ya zauna a ainihin gurbin, tsohon HDD ya koma ramin CD. Amma lokacin zuba Windows bar sabon shi kaɗai a ciki, don kada ta ajiye fayilolin tashi a kan tsohon.

Mataki na bakwai: in ya ƙi bayyana

Shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Jerin abin da za a tashi da shi kuma F9 ne a HP, F12 a Dell da Lenovo. In BIOS bai ga faifan ba, ko bai zauna daidai ba, ko ka sa NVMe a gurbin SATA ko akasin haka. Cire ka sake sawa sau ɗaya, in bai canza ba koma ga littafin.

In BIOS ya gan shi amma manhajar zuba Windows ta ce babu faifai, wannan sananne ne a injunan Intel ƙarni na 11 zuwa sama. Kashe saitin VMD a BIOS, ko ka sa direban Intel RST a filas ɗin ka nuna mata. A tsofaffin injuna tabbatar an sa SATA a kan AHCI ba IDE ba, kuma kafin zubawa za ka canza, domin in ka canza bayan an gama, shuɗin allo za ka gani. NVMe na son UEFI da tsarin raba faifai na GPT kafin ya tashi da injin. Tsohon tsarin MBR kuma ba ya ganin abin da ya wuce TB 2.

In faifai na biyu ne ka ƙara bai fito a This PC ba, lafiyarsa ƙalau. Buɗe Disk Management, ka yi masa Initialize a GPT, ka ƙirƙiri New Simple Volume. Ka tabbata sabon ka zaɓa kafin ka danna fomat.

Bayan komai ya tashi, bar Windows ta riƙa kula da shi da kanta, kada ka sa wata manhajar difirag, mai jera fayilolin HDD wuri ɗaya, a kan SSD. Ka kuma san cewa saboda TRIM, tsarin da ke share wuraren da aka goge, abin da ka goge daga SSD yawanci ya tafi ke nan, manhajojin dawo da fayil da ke aiki a HDD ba sa tsinana komai a nan. HDD kan yi gargaɗi da ƙara da nauyi kafin ya mutu, SSD na iya ɗaukewa dare ɗaya ba sallama. Kwafi na biyu a wani wuri bai zama tsohon yayi ba.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin SSD an yi su su yi aiki har zuwa digiri 70, in sun doshi nan sai su rage gudu da kansu. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, NVMe a cikin siririyar laftof da ƙura ta toshe wa fanka ba ya daɗewa bai kai can ba. Tunda ka riga ka buɗe injin, hure ƙurar, in kuma akwai 'yar robar sanyaya a kan tsohon katin, mayar da ita kan sabon.

Tsohon faifan

Saya masa gidan USB ya zama faifan waje. Na inci 2.5 wutar USB ta ishe shi, volt 5 kawai yake ci. Na inci 3.5 na buƙatar volt 12, dole gidansa ya zo da cajarsa. Nemi gida mai USB 3.0, wanda bakinsa ke da shuɗi a ciki. USB 2.0 ba ya wuce MB 40 a sakan a aikace, 3.0 kuwa ya kan kai wajen 400 da SSD. Sunayen 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, gigabit 5, Gen 2 ne gigabit 10. USB-C kuma siffar baki ce kawai, wayar cajin waya mai bakin C na iya zama mai gudun 2.0, don haka yi amfani da wadda ta zo da gidan.

Gidan M.2 ma yana da tarkon nan na SATA da NVMe: wani ɗaya yake ji, wani duka biyun, karanta kwalin. In kuma kana tunanin fasa tsohon faifan waje don ka ciro na ciki ka sa a laftof, wasu irin su WD My Passport an haɗa bakin USB ɗin a jikin allonsu, babu SATA a ciki ko kaɗan.

Wajen fomat, NTFS in Windows kaɗai za ka riƙa jonawa, exFAT in har da Mac. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4, amma wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota shi kaɗai suke karantawa. Kada ka yi wa tsohon fomat sai sabon ya yi mako ɗaya ko biyu yana aiki, ka kuma buɗe muhimman fayilolinka ɗaya bayan ɗaya ka ga suna buɗewa.